Ruwan Farko na Saiwar Sanya

Bana ma ruwa ya makara. Sau uku hadari yana haɗuwa ta gabas, sau uku iska tana kwashe shi ta kai wa wasu. Famfon gidanmu ya fi wata biyu bai ɗiga ba, da 'yan garuwa muke rayuwa. Tun hantsi bangon ɗakina yake shan rana, in ka jingina da shi bayan la'asar sai ka ji kamar bayan tanderu. A cikin wannan zafin ne jikata Rukayya ta shigo mini ɗaki da rabin sallama, ta dire kwalba a gabana, ta ce, "Hajiya, mene ne wannan?"

Ta san ko mene ne. A ƙarƙashin gadon uwarta ta ɗauko shi.

Uwarta Binta 'yata ce, ita kaɗai ta rage mini. Ta ƙare ƙuruciyarta tana koyar da 'ya'yan mutane a makarantar gwamnati, tana ajiye aiki aka ga ƙullutu a nononta, asibiti suka ce daji ne. Ta baro gidanta na Gyallesu ta dawo wurina cikin birni jinya. Duk bayan mako uku sai a kai ta a ɗaura mata ruwa mai magani. Gashinta ya zube, farcenta ya yi baƙi, abinci ba ya zama. Ni kuwa ba a haife ni don in naɗe hannu ina kallo ba. Na aika aka samo mini saiwar sanya, wadda muke kira uwar magunguna, na dinga dafa mata kamar yadda uwata ta koya mini, rabin ludayi a kan kunu.

Na ce, "Magani ne. Ko a jami'ar taku an hana tsofaffi sanin magani?"

Rukayya a ɗakin gwaji take aiki. Kiwon ƙwayoyin jikin mutum take yi a 'yan farantai, tana ba su abinci tana duba lafiyarsu kamar mai kiwon 'yan tsaki. Ta zauna bakin gadona ba a ce ta zauna ba, ta ce sau biyu ke nan ana dawo da uwarta daga asibiti ba a ɗaura mata ruwan ba. Kafin a ɗaura sai an ɗebi jini an ƙirga fararen ƙwayoyinsa, sojojin da ke tsare jiki daga cuta, kuma nata sun yi ƙasa. Ranar Alhamis za a sake ƙirgawa. In aka dawo da ita karo na uku, ƙullutun ba zai zauna yana jiran kowa ba.

Sannan ta faɗa mini abin da ta yi. Ashe mako biyu da suka wuce ta shiga madafina ta ɗebi saiwata ba tambaya, ta kai wurin aikinta. Ta buɗe wayarta ta kara mini a fuska. Na ga wasu abubuwa kamar ƙwan kifi a baje, suna ɗan motsi.

Ta ce, "Waɗannan ƙwayoyin daji ne. Kowace ƙwaya a jikinmu in ta tsufa ko ta lalace, akwai umarnin da ke zuwa mata ta mutu, ta ba wata wuri. Daji ƙwayoyi ne da suka daina jin umarnin. Kalli abin da ya faru da na ɗiga musu sinadarin saiwarki."

Na kalla. Ɗaya bayan ɗaya suka dinga tsukewa, kowace ta tattara kanta ƙulli-ƙulli kamar mace mai ɗaure kayanta za ta bar gida, sannan ta rarrabu. Ba a taka su ba, ba a fasa su ba, da kansu suka tafi. Na ce, "To, ga shi kin gani da idonki."

Ta ce, "Ni ma da na gani sai da na yi sujada. Saura ɗaya." Ta shafa wayar, wani farantin ya fito. "Waɗannan sojojin jiki ne, daga jinin hannuna na ɗiba. Lafiyarsu lau. Kalli."

Su ma suka tsuke. Su ma suka ɗaure kaya suka tafi, ba bambanci.

Ta ce, "Hajiya, abin nan ba ya zaɓe. Ga Mama yanzu, guba ne."

Na tambaye ta yadda ta haɗa. Ta ce shanyawa ta yi, ta niƙa, ta jiƙa garin a sifirit kwana uku, ta tace, ta ƙafe shi har ya zama kamar kwalli.

Na ce, "Me kika zubar?"

Ta ce, "Zubarwa kamar yaya? Ai so ake a tatso komai."

A nan raina ya ɓaci, irin ɓacin da na daɗe ban yi ba. Yarinyar da na binne cibiyarta da hannuna ta shiga madafina ta ɗauki saiwa, ta tsallake ni ina zaune da raina da hankalina, ta kai wa madubin ɗakin gwaji ya gaya mata abin da uwata ta gaya mini tun ban kai tsayin turmi ba. Da ta ce, "Hajiya, yaya ake dafa shi?" da na gaya mata. Amma wa zai tambayi tsohuwar da ba ta san bihim ba?

Shekara hamsin da ɗoriya ke nan da muka ga bazara irin wannan, har ta fi ta. Ina gidan mijina Malam Garba, maɗinkin manyan riguna, a wani lungu ta wajen Ƙofar Doka. Daminar da ta gabata ba ta yi kirki ba, dawa ta tsaya a gwiwa ta bushe. Bazara ta zo ta zauna. Wata ya kama ya mutu, wani ya kama, sama fes kamar an share. Kududdufin unguwarmu da tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin gindinsa ba ya tsage, mutane suka shiga da fartanya suna tonon gaiwa a busasshiyar laka. Rijiyar gidanmu aka ƙara mata igiya, aka sake ƙarawa, ƙarshe guga ya dinga dawowa da taɓo.

Rijiya ɗaya ta rage a gindin wani rimi, ita ma sai an bar ta ta huta ruwa ya taru. Mu matan aure da ba mu taɓa taka ƙofar gida da rana ba, kulle ya karye, malamai suka kau da kai. Ana idar da sallar asuba muke fita mu jera tuluna. Kowane gida tulu ɗaya. Ina da cikin Binta wata shida, in na ɗora tulu a gammo sai in ji ta tokare mini haƙarƙari.

Tulu ɗayan nan kuwa sai ya yi aikin uku. Ruwan da aka wanke dawa da shi, da shi za a wanke kwanuka, abin da ya rage a ba akuya. Wanka ya koma tsumma a jiƙe. Malam yakan yi alwala da abin da bai cika tafin hannu biyu ba, ranar da babu mu yi taimama. Ɗinki ya tsaya, wa ke ta babbar riga? Tuwo sau ɗaya, da rana kunu tsararo wanda kana ganin gindin ƙwarya ta cikinsa, ƙanzo kuma aka daina ba kaji. Ƙurajen zafi suka feso wa kowa a wuya. Ranar Juma'a maza suka fita bayan ganuwa roƙon ruwa da riguna a juye, suka dawo da leɓe a tsattsage. Ba abin da na fi tunawa kamar shiru. Ko jakuna sun daina kuka.

A kan wannan kuma sai baƙon dauro ya shigo, yana bi gida-gida.

Ina da ɗa guda a lokacin, ɗan fari, shekararsa uku. Tun yaye yana wurin Inna, uwata, kamar yadda aka saba. Ba na kiran sunansa, ba na ɗaukarsa a gaban mutane, in ya zo ya riƙe mini zane sai in kau da kai. Haka aka tarar, haka muka yi. To ƙanwar Inna ta kwanta ciwo a Tudun Jukun, Inna ta kawo mini shi ta ce kwana kaɗan za ta yi. Kwana uku da tafiyarta idonsa ya yi ja. Ƙuraje suka fito, suka rufe shi, kuma Allah ya sa ya haye. Suka fara bushewa, fata tana saɓa. Sai tari da ya rage, da rashin ƙarfi, ko kunu sai an yi da gaske.

Na san abin da Inna take ba yaro a wannan gaɓar, don tun ina ƙarama nake riƙe mata murfin tukunya. A kankare saiwar sanya, a dandaƙa, a tafasa. Ruwan farko warinsa kamar man zafi, har hanci yake yaji. A haƙa rami a bayan ɗaki a zubar, a rufe da toka don ko kaza kada ta tsoma baki. A sake zuba ruwa a tafasa, a sake zubarwa. Na uku ake sha, shi ma rabin ludayi. Inna takan ce mini, "Asabe, na farkon nan makaho ne. Bai san cuta ba, bai san ɗan gida ba, duk wanda ya tarar zai kayar. Na biyu da ido ɗaya yake gani. Kada ki kuskura."

Ran nan rijiya ta yi rowa, rabin tulu na samu. Na zuba a randa na tsaya ina kallo. In na yi tukunya uku, babu kunu, babu na sha, ga Malam, ga yaro maƙogwaro a bushe. Kuma duk ruwan da ke gidan nan yana da wurin zuwa bayan ya gama aikinsa, wannan kaɗai ne za a haƙa wa rami. Na tafasa na farko. Na ɗauki tukunyar na zaga bayan ɗaki, har ramin na haƙa. Na tsaya da ita a hannu, rana tana dukan ƙeyata, hannuna ya ƙi karkata. Sai na ce a raina, ai in na sirka shi da moɗa guda, ƙarfinsa zai dawo kamar na uku. Na mayar da ƙasa na rufe ramin, har toka na barbaɗa a kai.

Rabin ludayi da safe, rabi da yamma. A kwana na biyu ya yi amai, na ce cuta ce take fita. A na huɗu bakinsa ya yi fari da gyambo, zazzaɓin da ya tafi ya dawo, ƙirjinsa yana kurari. A na biyar Inna ta dawo da hantsi. Ta durƙusa a kansa ta sansani bakinsa. Ta miƙe ta ciro ludayin daga inda na rataye, shi ma ta sansana.

Ta ce, "Kin zubar?"

Na ce, "Na zubar."

"Sau biyu?"

"Sau biyu, Inna."

Ta je ta buɗe randa, ta zura hannu har kafaɗa kafin ta taɓo ruwa. Ta mayar da faifai ta rufe.

A kwana na bakwai tsakanin azahar da la'asar ya cika. Kafin maza su dawo daga maƙabarta gabas ta yi baƙi, ruwa ya kece. Unguwa duk ta fito da ƙore da tukwane, mata suna guɗa, ƙasa ta saki ƙanshin nan nata. Ni uwar ɗan fari ce, ba a san mu da kuka ba. Na zauna a bakin ƙofa ina kallon indararo yana kwarara ruwan da zai cika tukunya ɗari, yana bin rariya yana fita waje.

Mutane suka ce baƙon dauro ne ya ɗauke shi, kamar yadda ya ɗauki na maƙwabta. Wataƙila shi ne. Allah ne ya sani. Inna ta ƙara shekara ashirin a duniya ba ta taɓa tayar da maganar ba, amma ba ta sake barina na dafa sanya ni kaɗai ba. Ko ina da furfura sai ta tsaya a kaina har ta ga ruwa biyu sun shiga rami.

To ni ce yau za a koya wa cewa abin nan ba ya zaɓe? Ni da a bazarar nan, gida yana goge jiki da tsumma, nake kwarara tukunya biyu na ruwan garuwa a rami duk ranar da na dafa?

Na ce wa Rukayya, "Abin da kika ɗiga wa 'yan tsakinki ba maganina ba ne. Kin tatso makahon tun daga gindinsa, kin ƙafe shi, kin ƙara masa ƙarfi, sannan kin zo kina ce mini guba. Uwarki ruwa na uku take sha."

Ta sa na maimaita mata yadda ake yi daki-daki. Na ga idonta ya sauya, irin na mai jin abin da ya kamata a ce ta tambaya tun farko. Amma jinina ce, ba ta da saurin sauka.

Ta ce, "Na yi laifi da ban tambaye ki ba. Kuma faranti ba jikin mutum ba ne, wannan ma gaskiya ne. Mai yiwuwa na ukun ya yi sauƙi, mai yiwuwa da saura a ciki. Ban sani ba, ke ma ba ki sani ba."

"Ni ce ban sani ba?"

"Kin san bai kashe waɗanda kika ba ba. Su da sojojinsu cike suka sha. Mama ba ta da ko ɗaya na asara."

Na ce, "Wa ya cinye mata su? Ba ruwan asibitinku ba? Ki dubi kanta, ki dubi farcenta. Nasu makahon suke ɗura wa 'yata a jijiya, ana ce musu ranka ya daɗe. Ni da nake zubar da biyu in ba da rabin ludayi, ni ce mai guba."

Ta ce, "Nasu ma makaho ne, tsohuwa, ban musa ba. Shi ya sa suke ƙirga sojojin kafin su ƙara, in sun ga ba za ta iya ba su ce ta koma gida. Ke wa yake ƙirga miki?"

Babu wanda ya ƙirga mini, shekara hamsin da ɗoriya da suka wuce ma babu.

Ashe Binta tana tsaye a bakin ƙofa, ta dafa bango, ɗankwali ya zame daga kanta. Na ce mata, "Ke faɗa mata. Ba kin ce kina jin ƙarfi in kin sha ba?"

Ta ce, "Iya, ina sha ne don kada ranki ya ɓaci."

Mace mai jikoki, malamar makaranta, tana haɗiye abin da ba ta yarda da shi ba don tsoron fuskata. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na tashi na shiga madafi. Na ce wa Rukayya ta wanke kwalabe uku ta biyo ni. Na kankare saiwa sabuwa, na dandaƙa, na hura wuta a cikin zafin nan gumi yana shiga mini ido. Na tafasa na farko, warin ya tashi har ta toshe hanci. Na cika mata kwalba na ɗaura zare ƙulli ɗaya a wuyanta, sauran na kai rami. Na biyu ƙulli biyu. Na uku ƙulli uku. Abin da ya rage a tukunya na na ukun, wanda uwata ba ta taɓa zubarwa ba, ni ma ban taɓa ba, na ɗauka na kai bayan ɗaki na kwarara a ramin, na bi shi da na kwalbar ƙarƙashin gado. Wannan karon hannuna bai yi gardama ba.

Na ce, "Ki kai wa 'yan tsakinki ɗaya bayan ɗaya, kada ki haɗa. In za ki rubuta a takardarku, ki rubuta cewa uwata Mairo mai magani ta Ƙofar Doka ce ta raba su uku, ba madubinku ba."

Ta fito da alƙalami za ta yi wa kwalaben lamba. Na ce ta farkon kada ta sa mata lamba, ta rubuta Haruna.

Ta ce, "Wane ne Haruna?"

Na ce, "Yayan uwarki." Ban taɓa furta sunan ba sai ran nan, na ji shi a bakina kamar tsakuwa. Na zaunar da su biyun a inuwar madafi na gaya musu abin da ban gaya wa Inna ba, ban gaya wa Malam ba har ya koma ga Allah.

Ranar Alhamis aka ƙirga sojojin. Da ƙyar suka kai, amma sun kai, aka ɗaura wa Binta ruwanta. Na tambayi Rukayya ko don an daina nawa ne. Ta ce ba za ta iya rantsuwa ba, kwanaki kaɗan ne, mai yiwuwa hutun da jikin ya samu ne kawai. Wannan ma ya ba ni haushi. Boko ba zai wanke ka ba, ba kuma zai kama ka da laifi ka huta ba.

Har yau ruwa bai sauka ba, har yau kuma ba ta kawo mini amsar kwalaben ba. Wai sai an maimaita sau da yawa kafin a yarda. Kullum ta shigo sai na tambaye ta mai ƙulli uku, ta ce in ƙara haƙuri. Jiya ta ce ta farkon dai ta kusa fitowa, in ina so ta fara gaya mini ita. Na ce ta riƙe abinta. Wannan na san amsarta tun uwarta tana cikina.